Idan ɗa ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu: ina amfanin rufin asiri?

Kwanakin baya wata dattijuwa ta same ni bayan sallar Asuba, hannunta a ɗaure. Da farko ta ce faɗuwa ta yi. Da hira ta yi nisa, sai ta fashe da kuka: ɗanta ne, ɗan shekara 17, don ta hana shi kuɗi. Ta roƙe ni kada kowa ya ji.

Wannan roƙo nata shi ne babbar matsalarmu. Daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, limamai na jin irin wannan, amma ba ya wuce zaure.

Ba a rasa sanin inda abin ke farowa ba. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna yadda ake shigo da ƙwayoyi daga Indiya zuwa Gana da Najeriya da Kwaddibuwa, haɗin tapentadol da carisoprodol, har aka kafa ƙungiyar farautar dillalai a Tamale. Kafin su akwai tramadol. Yaron da jikinsa ya saba, in ya rasa kuɗi, wa zai fara tunkara? Wadda ba za ta kai shi ƙara ba.

Amma kada mu ɗora wa ƙwaya komai. Yaron da ya tashi yana ganin uba na dukan uwa, ya riga ya sauke karatun tun kafin ya san ƙwaya. Wani kuma taɓin hankali ne, muka ce aljanu, muka tsaya ga ruƙiyya kawai.

Hukuncin a fili yake. Suratul Isra'i, aya ta 23, ta haramta ko da furucin ƙosawa ga iyaye, balle duka. Bukhari da Muslim sun ruwaito saɓa wa iyaye a jerin mafi girman zunubai, tare da shirka. Kuma jinin farko da aka zubar a duniya, tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu ne. Sai dai rufin asirin da shari'a ta kwaɗaitar ba ya nufin barin mai rauni a hannun mai cutar da shi. Hana azzalumi zalunci shi ne taimakonsa.

To, ya ku iyaye mata, tsinuwa ba magani ba ce, shiru ma haka. Ranar da ya fara ɗaga hannu, ranar za a kira kawunansa da limamin unguwa. In ƙwaya ce ko taɓin hankali, akwai sashen masu wannan larura a asibitin Komfo Anokye. In ya kai ga makami, dokar 2007 kan cin zarafi cikin gida ta shafi ɗa kamar yadda ta shafi miji, kuma ofishin DOVVSU na 'yan sanda don haka aka kafa shi.

Mu kuma malamai, matar da ta zo da hannu a ɗaure, kada mu sallame ta da "ki yi haƙuri" kaɗai. Allah ya shirya mana zuriya.