Ilimin Firamare Kyauta Da Lissafin Manomin Zauro

A watan Satumbar 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Ta ware wa shirin kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta zuba daidai abin da za ta karɓa. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita.

Sai dai manomin Zauro lissafinsa daban ne. Ko an yafe masa kuɗin makaranta, yunifom da littafin rubutu suna wuyansa. Abin da ya fi yi masa tsada shi ne hannun yaron. Idan shinkafa ta fara nuna a fadamar gulbin Rima, dole wani ya wuni yana korar jan-baki, kuma da wuya ƙaramin manomi ya ɗauki ɗan ƙodago alhali ɗansa na zaune a aji. Noman rani, da ake alfahari da shi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya maida wannan buƙata ta damina da rani.

Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT ne, ya san aji ciki da bai. Gina ajujuwa kaɗai ba zai cika su ba, muddin jadawalin zango bai yi la'akari da lokacin girbi ba.