Zancen Cikin Gida: Amfilifaya Ɗaya, Ɗakuna Da Yawa

Kaka ta yi, an sayar da masara da waken suya, kuɗi ya ɗan shigo hannu. A irin wannan lokaci ne magidanta da yawa a ƙasar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara sukan tafi Funtuwa, ko Zariya, ko kasuwar Sabon Gari ta Kano, su komo da babban kwali a bayan mota. Cikin kwalin akwai abin da ake kira hom tiyata, watau amfilifaya ɗaya, da ƙananan sifikoki biyar, da wata babba mai gurnani kamar hadari.

Ranar fari murna ce a gida. Amma kafin mako ya kewayo sai tambaya ta taso, gama gidajenmu ba ɗaki ɗaya ba ne. Maigida da samari suna falo suna kallon ƙwallo ko fim. Uwargida tana madafi, tana so ta ji labaran duniya. Tsoho yana zaure, shi ma ba ya so a bar shi a baya. Sai wani ya ce, “Tun da sifikokin sun kai biyar, me zai hana a ja ɗaya zuwa madafi, ɗaya kuma zuwa zaure?” Amsarmu ita ce, yana yiwuwa, amma sai da lissafi. Wanda ya haɗa waya bai yi lissafi ba, kuɗin buhunan masararsa ne zai tashi cikin hayaƙi.

Raba sauti ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tun kafin akwatin rediyo ya yawaita, gwamnatin Turawa ta ja wayoyi daga tasha ɗaya zuwa gidajen mutane. An soma a Legas cikin 1935, ya kai Ibadan cikin 1939, ya iso Kano cikin 1944. Kowane mai biyan kuɗin wata yana da akwati rataye a bango, ba abin da ke ciki sai sifika da abin ƙara murya ko rage ta. Manyan amfilifayoyi suna can tasha suna ciyar da gidaje masu yawa. Amma a lura, abin da tasha ta saki shi kowa yake ji. Ba mai zaɓen nasa. Matsalarmu ta yau ta fi wannan wuya, domin a gida ɗaya muna so a ji abu biyu ko uku a lokaci guda.

Mene ne ma'anar 5.1?

A jikin kwalin za ku ga an rubuta 5.1. Ma'anarsa, cikin akwatin nan akwai ƙananan injuna biyar, kowanne da tasa hanya da nasa aiki, sa'an nan akwai hanya ta musamman domin babbar sifika mai gurnani. Kamfanin Dolby ne ya yaɗa wannan dabara. Ya shigar da sautin kewaye cikin gidaje a 1982, tsarinsa na 5.1 na dijital kuwa ya bayyana a gidajen silima a 1992, daga nan ya biyo faifan DVD har ya iso mana.

Ga yadda aka raba aikin. Sifika ta tsakiya, wadda ake ajiyewa kusa da talabijin, ita ke ɗauke da yawancin maganar mutane. Biyu na gaba, dama da hagu, su ke ɗauke da kiɗa da sauran motsi. Biyu na baya kuwa ba a ba su kome ba sai ƙarar ruwan sama, da kukan tsuntsaye, da ihun 'yan kallo, da jirgi mai wucewa. An shirya su ne domin mai zama a tsakiya ya ji kamar yana cikin abin da yake kallo.

To, ga kuskuren da aka fi yi. Mutum ya ga na baya kamar ba su da aiki sosai, sai ya cire ɗaya ya kai madafi. Uwargida ta kasa kunne, ta ji tafi da ƙarar iska, amma ba ta jin abin da ake faɗi. Sai a ce sifika ta lalace, ko mai kanti ya yi cuta, alhali kuwa lafiyarta lau. Abin da aka aiko mata shi take faɗi.

Yawancin injunan suna da maɓalli a jikin rimot wanda yake sa dukan sifikoki su faɗi abu ɗaya. In an danna shi, madafi zai ji magana sarai. Sai dai falo ya rasa sautin kewayen nan da aka biya kuɗi dominsa, kuma duk abin da samari suke kallo shi uwargida za ta ji, ko tana so ko ba ta so. In sun rage murya, tata ma ta ragu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Inji mai hanyoyi bakwai

Akwai manyan amfilifayoyi, irin na Yamaha da Denon da Onkyo, waɗanda akan samu sababbi ko na hannu, masu hanyoyi bakwai, watau 7.1. A bayan da yawa daga cikinsu za ku ga wurin ɗaura waya da aka rubuta wa Zone 2, ma'ana yanki na biyu. Wannan shi ne injin da aka ƙera domin bukatar da muke magana a kai. Ana shiga tsarinsa a ce masa ya ware hanyoyi biyu daga cikin bakwai ya ba wani ɗaki. Falo ya koma 5.1, madafi kuma ya sami dama da hagu nasa, da nasa shirin, da tasa murya. Maigida yana kallon ƙwallo, uwargida tana jin rediyo, daga akwati ɗaya.

Amma kafin ku miƙa kuɗi, ku tuna da abu uku. Na ɗaya, hanyoyin da aka ba madafi an ɗauke su ne daga falo. Ba a samun 7.1 da yanki na biyu tare a inji mai hanyoyi bakwai. Na biyu, dukan hanyoyin daga taransifoma ɗaya suke shan wuta, kamar yadda injin ban ruwa ɗaya yake ciyar da kwamai da yawa a fadama. In an buɗe kowace kafa har ƙarshe, ruwan kowacce zai ragu. Na uku, tsofaffin injuna da yawa ba sa aika sautin da ya shigo ta wayar HDMI zuwa yanki na biyu, sai wanda ya shigo ta wayoyin nan masu jan kai da farin kai, ko rediyon da ke cikin injin kansa. Saboda haka ku sa mai kanti ya gwada muku a gabanku, ku ji da kunnenku.

Lissafin kaya

Yanzu mun zo wurin da injuna suke ƙonewa. A bayan kowace sifika an rubuta lamba, 8, ko 6, ko 4, da wata alama kamar kofaton doki. Wannan shi ne om, ma'aunin yadda sifika take tare wuta. In lambar ta yi ƙasa, wutar da sifika take ja daga inji takan yi yawa. A bayan amfilifaya kuma an rubuta mafi ƙanƙantar lambar da zai iya ɗauka.

Bari mu yi lissafi irin na aji. In ka ɗaura sifika biyu masu om 8 a bakin hanya ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, ba su zama 16 ba, sun zama 4. In ka ɗaura huɗu, sun zama 2, inji kuwa zai yi ƙoƙarin ba da wuta ninki huɗu na abin da sifika ɗaya take ja. Ƙananan sifikokin hom tiyata da yawa masu om 4 ne ko 3, don haka ƙarin ɗaya tak ya isa ya jawo wahala. Inji mai kirki yakan kashe kansa in kaya ya yi masa yawa. Mai araha kuwa sai ya yi ta zafi har ka ji ƙauri. Zafin watan Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu da ta toshe ramukan shan iskarsa, da mayafin ado da aka lulluɓe shi da shi, duk suna gaggauta ranar.

Akwai wata hanyar ɗauri. A fito da waya daga inji zuwa jan kan sifika ta fari, daga baƙin kanta a wuce zuwa jan kan ta biyu, daga baƙin kan ta biyu a komo inji, kamar raƙuma a jere. Nan 8 da 8 sun zama 16. Murya za ta ɗan ragu, amma inji ya huta. In sifikoki huɗu ne masu om 8, a jera su biyu biyu, sa'an nan a haɗa jerin biyu a baki ɗaya, lissafi ya komo 8 daidai. Ana kuma sayar da ƙaramin akwatin zaɓen sifika mai kāre inji, wanda yake ba ka dama ka kunna zaure ka kashe madafi.

Waya ma tana da nata lissafi. Siririyar wayar da ta zo cikin kwali ta falo ce kaɗai. In tafiyar ta kai mita 15, a nemi wayar tagulla mai kauri 1.5. In ta doshi mita 30, sai mai 2.5. Ku kankare bakinta da wuƙa kafin ku saya. In cikinta fari ne, gorar ruwa ce aka shafa wa tagulla, ba za ta kai sauti nesa kamar ta gaske ba. Kada kuma a taɓa ɗaura ko a kwance waya inji yana kunne, gama in ja da baƙi suka taɓa juna, ƙiftawar ido ta isa.

In ɗakunan suna da yawa

Wanda yake so ya kai sauti ɗakuna biyar ko goma, kamar a makaranta ko babban gida, hom tiyata ba nasa ba ne. Ya dubi irin amfilifayar da muke gani a masallatai da majami'u da tashoshin mota, kamar Ahuja ta ƙasar Indiya. A bayanta akwai baki da aka rubuta wa 100V. Kowace sifika da za a ɗaura a nan tana da ƙaramar taransifoma tata, da lambar wat ɗin da za ta ja. Lissafinsa tarawa ce kawai. Inji mai wat 120 zai ɗauki sifika goma masu wat 10, a bar masa ragowar 20 domin numfashi. Waya tana iya tafiya nesa ba tare da hasara mai yawa ba. Jikan tsarin nan ne na Kano na 1944, murya ɗaya ga kowa. Ya dace da sanarwa da labarai, amma ba a yi shi domin fim ba. Kada kuwa a ɗaura sifikar gida kai tsaye a bakin 100V, za ta ƙone.

Shawararmu

Ga yawancin gidajenmu, hanya mafi sauƙi ita ce a bar hom tiyata a falo da sifikokinsa biyar, a saya wa uwargida nata ƙaramin rediyo ko ƙaramar amfilifaya mai aiki da batirin bolt 12 ko sola. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na doguwar waya da gyaran injin da ya ƙone ba. Kuma in an ɗauke wuta, babban inji ya yi shiru, ƙaramin yana nan yana magana. Mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro. A watannin nan, gidan da ke da rediyo mai batir bai rasa labarin duniya ba.

Saura magana ɗaya wadda ba ta waya ba ce. Kafin a ja sauti zuwa ɗakin wani, a tambaye shi ko yana so, a kuma ba shi ikon kashewa daga inda yake. Yaron da yake karatun jarrabawa, da jaririn da aka samu ya yi barci, da maƙwabcin da ya wuni a gona, duk suna da hakki a kan rimot ɗin da ke hannun maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi cewa yawan zama cikin ƙara mai ƙarfi yana lalata ji, jin da ya lalace ta haka kuwa ba ya komowa. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. A ƙasarmu kuma, inda dare yake bukatar kunne a buɗe, bai kamata gida ya cika da ƙara har a kasa jin sallama a ƙofa ko haushin kare a waje ba.

Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka ɗauki wuƙa ka feƙe waya, juya injinka ka karanta bayansa. Ƙidaya hanyoyinsa, ka san abin da kowacce take ɗauke da shi, ka rubuta om ɗin kowace sifika a takarda, ka yi lissafi. In lissafin ya gagara, kai takardar wurin mai gyaran rediyo tun inji yana da lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.