Wisla: Dusar Ƙanƙara da Masu Share Ta

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda Allah ya kai shi Kanada karatu ko kwas, ba zai rasa mai kwaɗaita masa zuwa Wisla ba, wato garin shaƙatawa da ke cikin duwatsun gaɓar teku, kimanin kilomita 120 arewa da Bankuba. A ganina ya je. Iska mai laima daga tekun Fasifik takan hau duwatsun ta yi sanyi, ta zubo da dusar ƙanƙara wadda jimillarta kan wuce mita 10 a shekara. Tun 1966 ake wasan zamiya a dutsen, a 2010 kuma aka yi wasu wasannin Olamfik na hunturu a can.

Sai dai in ya je, kada idonsa ya tsaya ga farin dutse. Ya tambayi mai share hanya da asuba, da mai wanke kwanuka a otal, ina suke kwana. Attajirai sun saye gidaje don hutu, haya ta yi tashin gwauron zabi, har ma'aikaci kan rasa ɗaki a garin da yake yi wa bauta. Ganin haka majalisar garin ta kafa hukumar gidaje a 1997, mai tanadar gidaje masu ƙayyadadden farashi domin ma'aikatan garin kaɗai, da nufin kashi 75 cikin ɗari nasu su zauna cikin gari. Har yanzu masu jiran gida suna da yawa. Duk da haka, ofishin wannan hukuma ya fi ƙolin dutsen cancantar ziyarar matashin ma'aikacin gwamnati, kuma shi ba a yankar tikiti kafin a shiga.