Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jama'a, akwai wata sana'a a duniyar nan da ta cancanci mu dube ta da idon basira, watau sana'ar ɗanɗanar tabar Habana. Ba sigarin takarda muke nufi ba. Muna nufin karan taban nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, wanda ƙasar Kyuba ta yi suna a kansa. Tun shekarar 1992 da aka kafa mujallar Cigar Aficionado a Amurka, wasu mutane kan zauna su kunna kara, su zuƙa, su fesar, sa'an nan su ba shi maki bisa 100, kamar malamai na duba jarrabawa. In kara mai ƙarfi ne, sai ka ji ana cewa farkonsa yajin masoro, tsakiyarsa ƙamshin gahawa da jemammiyar fata, ƙarshensa ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Sukan duba ko hayaƙi na fita ba wahala, ko wuta na cin kara daidai wa daida, ko toka na tsayawa ba ta zuba.

Ba mu musa cewa waɗannan abubuwa akwai su ba. Abin da muke tambaya shi ne, aikin wane ne ake ba makin?

Mu bi kara tun daga gona. A yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río, can yammacin Kyuba, manomi yakan tsinke ganye da hannu, daga gindi zuwa sama. Ganyen ƙasa shi ke sa kara ya ci wuta, na tsakiya shi ke ba da ƙamshi, na sama kuwa, wanda suke kira lihero, shi ya fi shan rana, shi ke ɗauke da ƙarfin da ake yabo. Ganyen rufi, wanda ido ke fara gani, a ƙarƙashin rumfar yadi ake renonsa domin ya fito sumul. Bayan shanya ta makonni a rumfunan katako, sai a tara ganyen ya ɗau zafi ya nuna, sa'an nan lihero ya kwana a ɗaure shekara biyu ko fiye. Daga nan mai naɗi ya karɓa, da 'yar wuƙarsa da allonsa. Dole ya sa lihero a tsakiyar kara, domin shi ya fi jinkirin ƙonewa. In ya kauce gefe, wuta ta karkace. In ya matse ƙwarai hayaƙi ya ƙi fita, in ya sassauta kara ya yi zafi ya yi ɗaci. Haka zai yi sau 60 zuwa 150 a yini, gwargwadon girman kara.

To, a cikin duk abin da alƙalan nan ke yabo, ina gumin mai zuƙa? Amma sunan kamfani ne a jikin tambari, sunan alƙali ne a mujalla. Kara ɗaya na Cohiba mafi tsada a kantunan Landan ya fi albashin wata na wanda ya naɗe shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kada kuma a zaci mutanen nan hannuwa ne kawai ba kwanya. A shekarar 1865 ma'aikatan masana'antar El Fígaro a Habana suka soma sa mutum ya riƙa karanta musu jaridu da littattafai suna aiki, kuma al'adar ta bazu, su ke biyan mai karatun daga aljihunsu. Kafin shekara ta zagayo sosai, a 1866, gwamnatin mulkin mallaka ta Sifen ta hana. A birnin Tampa na Amurka ma masu masana'antu sun kori masu karatun a 1931. Ina dalili? Domin ma'aikacin da ya ji karatu yakan soma tambaya. Da kuɗin masu naɗin taba na Tampa da Key West José Martí ya tallafi shirin yaƙin neman 'yancin Kyuba na 1895. Har sunan Montecristo, da aka sa wa taba a 1935, an ɗauko shi ne daga littafin Alexandre Dumas da ma'aikata suka so a karanta musu. Attajiri ya riƙe sunan, ya manta da masu sauraron.

Wani zai ce ai gwamnatin Kyuba ta karɓe masana'antun tun 1960. Lalle haka ne, amma a shekarar 2000 an sayar wa wani kamfanin Turai rabin kamfanin Habanos da ke fitar da tabar waje. Munafuncin manya kuwa tsoho ne. Sakataren watsa labaran Shugaba Kennedy, Pierre Salinger, ya ba da labari da bakinsa cewa a 1962 sai da ya samo wa shugaban kara 1,200 na H. Upmann kafin ya sa hannu a takunkumin hana ciniki da Kyuba. Shi ya cika rumbunsa, talakan Kyuba ya sha takunkumi.

Saura abu guda da kalmomin ƙawa ke lulluɓewa. Ƙarfin nan da ke sa kan mai sha ya juya, nikotin ne. Babban kara ɗaya kan ƙunshi taba kamar ta kwalin sigari guda, kuma ko ba a haɗiyi hayaƙin ba, yana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro. Fidel Castro kansa, wanda dominsa aka soma naɗa Cohiba a 1966, ya daina sha a 1985.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mu ma mun zauna duba jarrabawa. Manomi da mai naɗi sun ci, domin aikinsu ya nuna. Alƙalin da ya iya rarrabe masoro da gahawa a cikin hayaƙi, amma bai taɓa tambayar nawa aka biya hannun da ya naɗe ba, bai kuma faɗa wa mai karatu abin da ke jiran maƙogwaronsa ba, wannan ya faɗi. Sai ya koma ya sake shekara.