Ɓawon lemon da muke zubarwa, shayi ne fa (zare)

1/ Zare 🧵 Hunturu ya shigo, lemo ya cika gari, mu kuma kullum mu sha ruwan mu jefar da ɓawon. A ganina duk ɗalibin da ke da tukunya da wuta ya kamata ya iya shayin ɓawon lemo. Akwai kuma ƙaryar da ake jingina wa shayin nan, ita ma zan taɓo ta. Ku biyo ni.

2/ Ku lura da mai lemo a bakin titi. Zai fere saman ɓawon siriri, dogo kamar igiya, ya bar farin, ya yanke kan ya miƙo maka ka tsotsa. To wannan siririn da ke taruwa a gefen tirensa, a nan ƙamshin lemon yake. Yamma na yi sai bola, ko akuya ta samu.

3/ Ka ɗauki ɓawon ka lanƙwasa shi kusa da hancinka, za ka ga wani ruwa ya fesu. Mai ne, yana zaune cikin ƙananan ramukan fatar. Mafi yawansa wani sinadari ne da ake kira limonen. Kamfanoni suna tatsar man nan su zuba a sabulu, turare, alewa da lemon kwalba.

4/ Abin dariyar ma, da na bishiya da na kwalba duk "lemo" muke ce musu. Mu jefar da ƙamshin na gaske a kwata, mu je shago mu sayi kwaikwayonsa da ruwan suga. Ga kuɗin makaranta, ga na mota, ga data. Haba jama'a.

5/ Kafin wani ya ce "shayin talauci", ku ji. A ƙasar Sin ana busar da ɓawon tanjarin a ajiye shi shekaru, suna kiransa chenpi. Na yankin Xinhui a lardin Guangdong ya fi suna, kuma yana daɗa tsufa yana daɗa tsada.

6/ A Iraƙi da ƙasashen Larabawa na bakin teku suna dafa busasshen lemon tsami su sha kamar shayi. Shayin Earl Grey da ake sayarwa a manyan shaguna kuwa, ƙamshinsa daga man ɓawon wani ɗan'uwan lemo ne mai suna bergamot. Mu ne dai muka raina namu.

7/ Kuma kayan duk ana samunsu a nan gida. Lemo yana zuwa mota-mota daga Binuwai, duk wanda ya san 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano ya ga yadda ake sauke shi. Citta daga kudancin Kaduna, irin su Kachia. Kanumfari da girfa kuwa kowane mai kayan ƙamshi yana da su.

8/ To ga yadda ake yi, na mutum biyu zuwa uku:
• ɓawon lemon zaƙi 2
• ruwa kofi 3
• ɗanyar citta kamar babban yatsa
• kanumfari 4
• girfa ɗan guntu
• suga, zuma ko mazarƙwaila
In kana son ɗan yaji, masoro ƙwaya 3 ya isa.

9/ Farko dai wanki, kuma KAFIN a fere. Lemon nan ya sha hannu, ya sha ƙura, ya kwanta a ƙasan mota, wataƙila ma an yi masa feshin magani a gona. Ka cuɗa shi sosai da ruwa mai tsafta. Wanda ya fara ruɓewa ko ya yi fumfuna, bar shi kawai.

10/ Shi ya sa ban ce ka je ka kwashe na gefen tiren mai lemo ba 😅 Sayi lemonka da ɓawonsa, ka wanke, ka fere da kanka. Masu shegen ƙyalli irin na manyan shaguna da ake shigowa da su, sau da yawa an shafe su da kakin adana kaya. Su kam a cuɗa da ruwan ɗumi.

11/ Ka fere saman kawai, mai launin. Farin nan na ciki shi ne mai ɗaci, in ya yi yawa sai ka ji kamar kana shan maganin zazzaɓi. Kuma kada koren ɓawo ya dame ka. Lemonmu yakan nuna yana kore saboda darenmu ba ya sanyin da zai juya launinsa. Ƙamshin yana nan.

12/ Daddaka citta, ka zuba ta da kanumfari da girfa a ruwa, su tafasa kamar minti 10. Sai ka rage wuta, ka sa ɓawon, ka RUFE tukunya. Minti 5 ka sauke, ka bar shi a rufe wasu minti 5, sannan ka tace.

13/ Dalilin sa ɓawon a ƙarshe: man nan yana bin tururi ya gudu. In ka bar tukunya a buɗe tana ta ɓararraka, duk hostel zai ɗauki ƙamshi, kofinka kuma ya tashi da ɗaci. Citta da girfa suna jure wuta, ɓawon lemo ba ya so.

14/ Batun suga. WHO ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan gram 50 ga babba, in an koma 25 ya fi. Lemon kwalba da yawa suna da kusan gram 10 a kowane mililita 100. Ka lissafa robar 50cl da kanka.

15/ A nan shayin gida ya fi: cokalin yana hannunka. Cokalin shayi ɗaya kusan gram 4 ne. In ka zuba biyu ka sha 8. In kuwa ka antaya bakwai irin na teburin mai shayi, to ba ka tsira da komai ba malam. Kuma zuma da mazarƙwaila su ma suga ne a jiki.

16/ Yanzu ƙaryar. Za ku ga bidiyo ana cewa shayin nan yana narkar da tumbi a kwana bakwai, yana wanke jini, yana maganin suga da hawan jini. Don Allah mu daina yaɗawa. Abin sha ne mai ɗumi da daɗi. In kana mura zai ɗumama maƙogwaro ka ji sauƙi, iyakarsa ke nan.

17/ Ko bitamin C ɗin da ake ta faɗa, zafi yana lalata shi. In shi kake nema, sha lemon da ka fere ɗin, ko ka matsa ɗan ruwansa a kofi bayan shayin ya huce kaɗan. Abin da nake tsoro shi ne wata uwa ta ajiye maganin asibitinta saboda bidiyon da mu muka tura mata.

18/ Hattara uku:
• Mai shan maganin hawan jini ko na kitsen jini ya guji garehul da ɓawonsa sai ya tambayi likita, yana rikita aikin wasu magunguna.
• Mai olsa ko ƙwarnafi ya rage citta.
• Ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

19/ In lemo ya yi araha, tara ɓawon. Shanya shi a inuwa, ka lulluɓe da siririn ƙyalle saboda ƙura. Iskar hunturu tana busar da shi a 'yan kwanaki. In ya fara karyewa ƙas, zuba a kwalba mai murfi. Busasshe ɗan kaɗan ake sawa, ya fi ɗanye ƙarfi.

20/ Masu karatun dare, wannan ba shi da kafeyin matuƙar ba ka sa ganyen shayi ba. Ba zai riƙe maka ido ba, ba kuma zai hana ka barci in ka rufe littafi ba. Zuba a filas, ya raka ka har sha biyu cikin sanyin nan.

21/ Ku gwada yau ku turo hoto. Wa ke sa na'a-na'a? Wa ke sa kimba? 'Yan Zariya da Jos, ku da sanyi ya fi gasawa, mu ji naku haɗin 👇