Nadama Daban, Tuba Daban

A makarantar kwana irin tamu, ba wuya ka ga ɗalibin da ya zo aji ɗaya da Littafi Mai Tsarki a saman akwatinsa, kafin ya kai aji huɗu littafin ya koma can ƙasa, ƙarƙashin garin kwaki. In ka tambaye shi abin da ya hana shi zuwa sujada, sai ya ce ko ya yi addu'a ji yake kamar da bango yake magana, Allah ya yi masa nisa. A nawa ra'ayi, Allah bai gusa ko taki ɗaya ba. Ban ce duk wanda addu'a ta yi wa nauyi laifi ya yi ba, don Ayuba ma ya nemi Allah bai gan shi ba, alhali shi adali ne. Amma sau da yawa akwai abin da yaron ya aikata, kunya ta hana shi komowa.

'Yan'uwana ɗalibai, mu dubi Bitrus da Yahuza Iskariyoti. A dare guda suka yi wa Yesu laifi. Mutane sukan ɗauka Yahuza bai yi nadama ba, amma Matiyu sura 27 ta nuna ya yi. Ya mayar da azurfa 30 ɗin nan, ya faɗi laifinsa da bakinsa. Sai dai wurin manyan firistoci ya kai kukansa, su kuwa suka ce ba ruwansu. Daga nan ya tafi shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa har sau uku, ya yi kuka mai zafi, amma bai rabu da sauran almajirai ba. A Yahaya sura 21, da ya ji Yesu ne a bakin teku, bai ma jira jirgi ya kai gaci ba, sai ya faɗa cikin ruwa ya nufe shi. Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya ba shi kiwon tumakinsa. To, duka biyun sun yi baƙin ciki, amma ɗaya ne kaɗai ya koma wurin wanda ya yi wa laifin.

Kuma tuba ba hawaye ne kawai ba. A taron F.C.S. wasu sukan fita gaba ran Lahadi suna kuka, ran Litinin bokitin da suka ƙwace wa ƙaramin yaro yana nan ƙarƙashin gadonsu. Zakka mai karɓar haraji ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa. Kai ba a ce ka sayo bokiti huɗu ba, ka mayar da guda ɗayan, ka ba yaron haƙuri.

Mu kuma da ba mu fasa zuwa sujada ba, in wanda ya daɗe bai zo ba ya shigo, mu daina waiwayensa muna raɗa. Mu matsa masa wuri a kan benci.