Kada Baba Ya Shigo Gida da Gubar Dalma a Rigarsa



A shekarar 2010, yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma da wasu maƙwabtansu a jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, kafin a ankara ya rasu. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankarar da hukuma, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu.

Ta ina gubar ta shigo? Iyayen yaran masu haƙar zinare ne, kuma duwatsun da suke kawowa gida akwai dalma a ciki. A tsakar gida ake daka su, ƙura ta bazu a ƙasa, jariri ya yi rarrafe a kai, ya sa hannu a baki. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ni ban ga laifin mai neman abinci ba. Amma guba ba ta tsayawa a wurin aiki, tana bin mutum gida a riga da takalmi da gashin kai. Masu gyaran batirin mota ma da dalma suke aiki kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ce tana cutarwa. Yaron da ya tsira, tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, karatu ya yi masa wuya. Mu kuma a aji mu ce masa daƙiƙi, alhali ba laifinsa ba ne.

Don haka ina roƙon gwamnati ta sa doka mai ƙarfi, ta kuma riƙa bibiya. A hana daka duwatsu da fasa batir a cikin gida. A riƙa jiƙa dutse kafin a niƙa don rage ƙura. Mai wurin aiki ya tanadi takunkumi da safar hannu da ruwa da sabulu. Ma'aikaci ya yi wanka, ya bar kayan aikinsa a can.

Mu ɗalibai kuma, mu gaya wa iyayenmu da yayyenmu cikin ladabi. Mu hana ƙannenmu wasa da tsohon batir, mu wanke musu hannu kafin su ci abinci. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, amin.

Daga ɗalibar aji biyu, ƙaramar sakandare